Taubashina ya lalata min birki, kuma ya ce hannuna ne ke rawa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara kafin zuciya ta kai ni inda zan yi nadama.

Ni direba ne, ina jigila da ƙaramar motata daga Ɗanbatta zuwa Kano. Ba na gudu, ba na lodin ganganci, kullum kafin in fita sai na duba mai da ruwa da iskar taya, har abokan aiki na yi min dariya. Bayan sallah ƙarama taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina, zan kira shi Iliya, ya zo aron motar don kai amarya wani ƙauye a bayan Tsanyawa. Raina bai so ba, amma Goggo da kanta ta sa baki, na ba shi makulli.

Tun da ya dawo da ita, in ina tafiya lafiya lau, amma da zarar na taka birki a kan gudu sai sitiyari ya kama karkarwa a hannuna, abin takawar ma yana harbin ƙafata. Na tambaye shi ko ya faɗa rami, ya rantse min cewa a hankali ya je ya dawo. Mai faci ya ce taya ce, muka sauya na gaba zuwa baya, ba ta daina ba. Rannan a gangaren wata gada shanu suka shigo titi, na taka birki, motar ta dinga jijjiga har na kusa sauka gona, wata tsohuwa a baya tana ta salati. Labari ya riga ni isa tasha.

Nan Iliya ya samu abin yi. Ya ce wa mutane motar ƙalau take, hannuna ne ke rawa saboda tsoro, ya laƙaba min Malam Karkarwa. In na ɓata rai sai a ce haba, wasan taubasai ne, ba a fushi da shi. Amma wasan ya kai ga fasinjoji mata suna sauka daga motata in sun ga ni ne a layi. Har ni kaina na fara zargin kaina, nakan miƙa hannuna in zuba masa ido ko zan ga yana rawa.

Daga baya na kai ta wajen wani bakanike a Kano. Ya ce da taya ce, ko ban taka birki ba za ta yi rawa. Ya ɗaga ta a jak, ya girgiza ƙafafun gaba bai ji wani abu ya saki ba, sai ya cire taya ya juya faifan birkin, wanda suke kira diski. Yana juyawa yana kamawa a waje ɗaya, kuma ƙarfen ya yi shuɗi-shuɗi kamar an gasa shi. Ya dube ni ya ce, "Malam, wa ya dafa birkin nan sannan ya tsoma shi a ruwa?"

An sauya faifan, rawa ta tsaya cak. Da na ba matata labari sai ta ɗauko wayarta ta nuna min bidiyon bikin da ƙawarta ta tura mata, ta ce ta ɓoye ne gudun faɗa. Ga motata nan ana tsere da ita, Iliya na cin taya yana jan birki, mata cike a ciki, suna isa rafin bakin gari ya afka da ita ciki wai a wanke ƙura kafin a shiga da amarya.

Yanzu ga inda nake. Wani Alhaji mai makarantar Islamiyya a garinmu ya sayi bas ta ɗaukar ɗalibai, Iliya ya nemi tuƙin, Alhaji kuma ya kira ni ya ce tunda ɗan uwana ne in gaya masa tsakanina da Allah ko zai iya ba shi. Ranar Juma'a yake jiran amsa. Goggo ta aiko min da fura da saƙon in yi wa ɗanta kyakkyawar shaida.

Ba zan ɓoye muku ba, so nake in rama. Ba a ɗakin Alhaji nake son nuna bidiyon ba, a tasha nake so, ranar kasuwa, a gaban duk wanda ya taɓa kira na da sunan nan, in ga yadda nasa hannun zai yi. Abin da ke damuna, in na yi shiru 'ya'yan mutane ne za su shiga bas ɗin, ciki har da 'yata. In kuma na faɗa, na san zuciyata, ba don su kaɗai zan faɗa ba, kuma Goggo ba za ta ƙara taka gidana ba.

Malamai da direbobin da ke nan, gaskiyar da mutum ya faɗa yana jin daɗin ramuwa, shaida ce ko zunubi? In tsaya a kunnen Alhaji, ko in kai shi tasha kamar yadda shi ya kai ni?