Awo Ashirin da Uku da Suna Ɗaya

Litinin, 27 ga Fabrairu, 2012

Wayata ta faɗa cikin bokitin sitati. Ni na ture ta da gwiwar hannu, ba wanda zan ɗora wa laifi, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Na tsamo na shanya ta a rana. Tana kunnuwa, tana ƙara in an kira, amma rabin fuskarta ya yi baƙi kamar an zuba tawada.

Awon mata ashirin da uku na ciki. Malaman lekol ne, wato makarantar boko, ƙungiyar su Madam Berthe, masu yin faretin ranar mata ran takwas ga Maris da zane iri ɗaya. Tun da gara ta cinye min littafin awo shekara uku da suka wuce, a ƙarƙashin lambar kowace mace nake rubuta nata: kafaɗa, ƙirji, ƙugu, tsawo. Na yanka biyar, saura sha takwas, kwana goma ya rage.

Sake awo ba zance ba ne. Bakwai a Pitowa suke koyarwa, biyu a Figil. Kuma a ji a gari cewa Aminatu Tela, mai shekara ashirin da shida a kan keke, ta ɓatar da awon mutane? Telolin bakin kasuwa, waɗanda ko hannun riga ba su iya saitawa ba, su samu abin taunawa har damina.

Talata, 28 ga Fabrairu

Baƙin ya ƙaru. Lamba biyu ta ƙarshe kawai nake gani.

Na kai wa Roger mai gyara. Ya juya ta, ya shinshina, sai ka ce nama yake saye. Wai gilashin sai an aiko daga Duwala, mako biyu. Ya ce a haɗa ta da kwamfuta a kwashe abin da ke ciki, “ai ƙaninki Dauda yana da ita.” Na ce na san yana da ita.

Ina zan manta? Rumfar goron Baba ya sayar ya sayo ta. Rumfar da kakanmu ya kafa da ya zo daga Kano da jakuna. Yanzu jikan fatake yana zaune a ɗakin kwano yana zuba wa ’yan acaɓa waƙa a waya, yana buga wa mutane takardar neman aiki, shi da bai taɓa samun aiki ba. Shekara talatin da uku, ba mata, ba sana’ar da za a faɗa a gaban surukai. Abin da ya iya shi ne zuwa gidana duk Juma’a bayan masallaci ya share kwanon tuwo da miyar yakuwa.

Ba zan je ba.

Laraba, 29 ga Fabrairu

Na je.

Zafin ɗakin nan ko tanda albarka. Ya miƙe ya ba ni kujerarsa, “Adda, yau ke ce a ofishina?” Ofis! Na ajiye masa wayar ban ce komai ba sai abin da ya kawo ni.

Ya jawo kwali cike da igiyoyi a cukurkuɗe kamar hanjin akuya. Ya gwada wannan, bakinta ya yi faɗi. Ya gwada waccan, ta yi siriri. Ta shida ce ta shiga. Ya soka ɗaya bakin a kwamfuta, muka zuba ido. Shiru. Ya ce kwamfutar ba ta gane wayar ba tukuna, sai an gabatar da su. Na ce to a kai goro mana.

Wai akwai faifan da ke zuwa da irin wannan waya a kwali. Na tuna shi sarai, da shi nake danne takardun yanka, har ya tsage na yar. Ya ce zai nemo wani a gari. Aikin da za a yi, in ji shi, sunansa senkronize. Sau huɗu ya faɗi kalmar, yana jin daɗinta a baki.

Alhamis, 1 ga Maris

Ya samo faifan wurin wani abokinsa. An sa, ya kai rabi, aka ɗauke wuta. Na zauna awa biyu ina fifita da kwali ina kallon ƙanina yana kallon baƙin gilashi. Wannan ita ce sana’ar da aka sayar da rumfa dominta.

Juma’a, 2 ga Maris

Ya zo cin tuwo kamar kullum. Yana ci yana min bayanin da ban tambaya ba. Wai in abin ya kama, wayar da kwamfutar za su zama kamar littafi ɗaya, abin da ke nan zai fito can. “Komai, Adda. Suna, lamba, da abin da kika rubuta a ƙasa. Ko kin canza harafi ɗaya, in aka sake haɗawa sai ta nuna.”



Ni ba na sa sunan yanka a waya. Aisatu nawa ne a Garwa? Abin da na gani da idona nake sawa. Madam Berthe ita ce Buhun Auduga. Akwai Wuyan Zalɓe, akwai Ba Ta Wanka, akwai Hajiyar Ƙarya, wadda ko Maiduguri ba ta taɓa zuwa ba. Ba zagi ba ne, tsarin aiki ne, ina ganin suna na tuna jikin. Waɗannan ko ya gani, dariya zai yi.

Nasa ne matsalar. Ran da ya sayar da rumfar na goge Dauda na sa Asararre. Shekara huɗu ke nan, duk kiran da ya yi min abin da ke fitowa ke nan, har na daina ganinsa.

Da ya tafi na tuna wayar tana wurinsa. Ko tana hannuna ma, me zan gyara a fuskar da ba a gani? In ce ya bari, awo ya tafi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kuma ai ban yi ƙarya ba.

Asabar, 3 ga Maris

Ya kama. Da hantsi, ina tsaye a bayansa, kwamfutar ta yi wani ɗan kuka, sai ga sunaye suna zubowa layi-layi. Ya tafa hannu kamar shi ya ƙera ta. Ya ga Buhun Auduga ya yi dariya har da riƙe ciki, “Adda, ki ji tsoron Allah.” Yana gangarawa yana karantawa da ƙarfi. Sai ya koma sama don ya fara bugawa a takarda daga harafin farko.

Na ga lokacin da ya gani. Hannunsa ya tsaya. Ai mutum ya san lambarsa.

Bai juyo ba. Ya buga shafi huɗu, ya jera, ya danne da ƙusa, ya miƙo min. Yana nan a shafin farko, layi na uku, baƙi a kan fari, ba awo a ƙarƙashinsa. Na ce nawa ne aikin. Ya ce a bar shi. Ya ce in na sayi sabuwar waya in kawo ya mayar min da lambobin.

Na dawo na yanka shida kafin la’asar. In ya ji haushi ya sha ruwa.

Litinin, 5 ga Maris

Na sayi sabuwa, na kai masa da safe, na karɓa da azahar. “Ga wayarki.” Ba Adda, ba kujera. Wai shi mai zuciya.

Laraba, 7 ga Maris

Ashirin da uku cif. Bayana kamar an daka.

Alhamis, 8 ga Maris

An yi fareti. Daga bakin titi na hango nawa, ko a cikin dubu ina gane ɗinkina, kafaɗa zaune daram. Na telolin kasuwa kuwa, wata hannun rigarta ɗaya ya fi ɗaya tsawo, tana ɗaga shi tana gaida manya. Madam Berthe ta rungume ni da guminta, rabi Fillanci rabi Faransanci, wai ba ta taɓa sa rigar da ta san jikinta haka ba. Da ta san sunanta.

Suna ya tsira. Alhamdu lillahi.

Juma’a, 9 ga Maris

Na dafa kamar kullum. Kifin Binuwai ne ma, mai kyau. Bai zo ba. Na ba maƙwabta kwanonsa, su ma baki gare su.

Asabar, 10 ga Maris

Tuwon da ba a ci ba ai riba ce.

Litinin, 12 ga Maris

Yau na samu sarari na duba sabuwar wayar, sai na ga aikin gwani. Cike take da mutanen da ban sani ba. Hamadu Injin, Eugène Figil, Mai Tawada, Ilyasu Acaɓa, sun fi ɗari. Ashe tasa wayar ma da kwamfutar yake haɗa ta, da ya tashi zuba min nawa sai ya juye har da nasa, kamar mai auna gero da dawa a buhu ɗaya. Wannan shi ne senkronize. Na yi dariya ni kaɗai a shago, na ce bari in ajiye wannan, ran da ya dawo da shi zan tare shi.

Na zauna bayan azahar ina gogewa ɗaya bayan ɗaya. Na lura shi kowa da sunansa yake sa shi, sai dai ya ƙara sana’a ko gari. Rashin basira.

Na zo harafin I, na goge Ilyasu, sai ga Inna.

 Innarmu ta rasu shekara ashirin da huɗu ke nan, ko wayar gidan waya ba ta taɓa riƙewa ba. Na ce ko uwar wani abokinsa ce. Na buɗe don in goge.

Lambata ce.

Na karanta sau uku. Tawa ce, mai bakwai uku a ƙarshe.

Shekararsa tara da aka fita da ita. Ni na yi masa wanka ran nan don ya ƙi kowa ya taɓa shi. Da na yi aure, da shi na tare a gidan miji, dangin miji suna gunaguni. Wandon lekol ɗinsa na farko da ragowar yadin labule na ɗinka, ya sa yana taƙama. Bai taɓa ce min Inna da baki ba, ko sau ɗaya. Adda yake cewa.

A rashin uwa akan yi uwar ɗaki, shi ke nan, ba wani abu ba ne. Na rufe shago da wuri, kaina ke ciwo, zafin nan ne.

Talata, 13 ga Maris

Ban goge ba. Na goge sauran duka.

Abin da ya tsaya min shi ne, yana sane ya juye min, ko shirmensa ne? In yana sane, ya iya mugunta. In bai sani ba, ya fi muni, don ke nan ba don in gani ya rubuta ba. Tun yaushe yake ganin wannan suna duk lokacin da na kira shi in yi masa faɗa?

Kunya nake ji. Na rubuta, ba mai karantawa.

Laraba, 14 ga Maris

Akwai ragowar shadda ruwan toka, ba ta isa rigar babban mutum ba, na yanka ta don kada ta lalace. Ban nemi awo ba. Na ƙanina ba ya waya, ba ya takarda, ban taɓa buƙatar rubuta shi ba.

Alhamis, 15 ga Maris

Na gyara wani suna a waya da safe. Harafi takwas ya yi yawa, yana cin wuri. Na sa Auta, yadda Inna ke kiransa.

Da hantsi na je ɗakin kwanon. Na ce na ɗauki sabon awo, a sake haɗa min da kwamfuta kada a maimaita na sitati. Awon mace biyu ne, kuma suna cikin sabon littafin da na saya, amma wannan ba ruwansa. Bai dube ni ba. Ya ɗauko igiya, ya soka, ta yi ɗan kukan nan nata. Sai ta nuna abin da ya canza, layi uku.

Ya daɗe yana kallo, ya fi ƙarfin karanta layi uku. Na tsaya ina duba rufin kwanonsa, duk tsatsa, damina za ta ba shi labari. Can ya share fuska da hannun riga, wai gumi, ya zare igiyar.

“Adda, zauna mana, kin tsaya.”

Na ce ina da aiki. Na ajiye ledar shaddar a kan teburinsa, na ce wani ne ya ba da ɗinki bai dawo ba. Ina bakin ƙofa ya ce gobe me za a dafa. Na ce abin da aka samu.

Har yanzu ina nan a kan bakana, sayar da rumfar nan wauta ce. Na biya bakin kogi na ce wa mai kifi ya ajiye min babba gobe, mai kai, don shi kan yake so.