Takardar Cefane a Wurin Lacca

Maman yara,

Zan fita kafin ki taso daga aiki. Ki yi haƙuri, ban yi cefanen ba.

Jiya da yamma na je laccar nan ta zaman iyali. Da aka ce kowa ya rubuto tambayarsa, na laluba aljihu na miƙa takardar cefanenki. Mai gabatarwa ya karanta a lasifika: "Sabulu, gishiri, ashana. Kuma don Allah ban da surutu a hanya." Wuri ya kaure da dariya, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige.

Malamar ta riƙe takardar, wai shawararki ta fi tata. Ki rubuto mini wata. Kuma ki shirya, sun ce mako mai zuwa ke za ki yi jawabi.

Baban yara