Warin Fetur Nake Ji, Sun Ce Laulayi Ne

Anti, don Allah ki agaza min, na rasa wanda zan kai wa kuka. Yarana biyu, ga ciki ina ɗauke da shi. Kwanakin baya motar maigidana ta riƙa mutuwa a hanya, sai yayansa, wanda bakanike ne, ya canja mata famfon mai da tiyo. Tun ranar da ta dawo nake jin warin fetur. Da na yi magana maigida ya kwashe da dariya, wai laulayi ne, ai har sabulunsa na ce yana wari. Na faɗa, ban musa ba, amma fetur ne ban sani ba? Yaya ya aiko cewa da fetur ya wanke kayan, warin zai baje. Bai baje ba. Maigida ya sayo ɗan turaren nan mai ƙamshin lemo ya rataya a madubin motar, yanzu fetur da lemo nake shaƙa.

Kullum in ya fita ina ganin jiƙa a simintin da motar ta kwana, kafin ya dawo ta bushe. In nuna masa me? A tsakar gida yake ajiye ta, ga janareta, ga tagar kicin. Kuma a cikinta yake kai yara makaranta. Shekaranjiya ƙaramar ta ɗago min hannu ta gilashi, wallahi sai da na dafa bango. Yaya ne ya riƙe maigida bayan rasuwar mahaifinsu, ko magana bai taɓa mayar masa ba, balle aiki. Surukata ta fara cewa raba zumunci nake nema. Abinci ba ya shiga, Anti. Tsoro nake ji.

Uwar yara

'Yar'uwa, share hawayenki. Laulayi yana ƙara wa hanci kaifi, amma ba ya jiƙa siminti. Warin wanki ba ya daɗewa haka. Wannan alamar yoyo ce, kuma an fi samunsa daidai inda aka kwance aka ɗaura.

Daga yau yara kada su shiga motar. Kada a tayar da janareta kusa da ita, ko a kunna wuta a kicin, sai an tura ta can nesa, inda iska ke kaɗawa. Ki shimfiɗa busasshen kwali a ƙarƙashinta. Maigida ya murɗa makulli fitilun gaban direba su kawo, ba tare da ya tayar da injin ba, don famfon ya turo mai. Sannan ya kashe, ya duba mahaɗar tiyo da ƙasan tanki da tocila. Ban da ashana, ban da taba. Ko fetur ya bushe, tabonsa da warinsa suna nan a kwali.

Kada ki ga laifin mijinki da yawa, kunyar wanda ya rene shi yake ji. Yaya ma ba mugunta ya yi ba, maɗauri kan saki ko a hannun gwani. Kuskurensa shi ne rashin sake dubawa bayan gyara. Kada a kai wa wani, kada a tuƙa ta zuwa gareji. Maigida ya kira Yaya gida cikin ladabi, ya nuna masa kwalin, ya ce masa yara ke shiga.

In ya ƙi kira, ki kira da kanki. Yaya zai fi son ya sake kwanciya a ƙarƙashin motar nan da a ce 'ya'yan ƙaninsa sun ƙone a aikin hannunsa. Allah ya tsare ku, ya sauke ki lafiya.

Anti