Muryar Kawu Bushiya

Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya. Ya ƙafar Umma, ta fara taka ta?

Ni dai lafiya lau, aiki ne ya ɗan yi tsamari. Tun da dattijon da ke yin muryar Kawu Bushiya a shirinmu na 'yan tsana ya kwanta asibiti, aka ɗora ni a madadinsa. Wuni nake yi durƙushe ƙarƙashin teburi, hannuna sama cikin 'yar tsanar har ya yi sanyi. Wannan ba komai ba ne.

Damuwar ita ce wasu masoya shirin namu su biyu masu shirin hira na fodkas a intanet. Sati uku ke nan suna gwada muryata da tasa, suna cewa na kashe musu Kawu. Jiya darakta ya kunna mini hirar a ofis, ya ce, “Ranar Alhamis za mu zauna.” Kin san takardar izinin zamana a ƙasar nan ɗaure take da aikin.

Yaya, na ga amsoshin da kike rubuta musu a intanet, har da “ƙanena ya fi ƙarfinku.” Na gode, Allah ya bar zumunci. Amma sun karanto maganarki a shirinsu suna dariya, suka ce dangi na turo. Don Allah ki goge, ki bar ni da su.

Ki ce wa Umma ta sa ni a addu'a ranar Alhamis. In ta tambayi dalili, ki ce maƙogwaro ke damuna.

Ƙanenki.