Jakar da Saratu Ta Ɗaukar Mini

Duk wadda za ta karanta wannan, ta karanta da natsuwa. Ban rubuta don a yi dariya ba, ban kuma rubuta don a kai shi gidan suna a ce Maman Saratu ta ga dodo a dajin Turawa ba. Da mahaifiyata nake magana. Ku leƙe kawai kuke yi ta bayan kafaɗata, to ku leƙa ku koyi wani abu.

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Ladi, wadda ta riga mu tafiya hutawa.

Gaisuwa mai yawa da ladabi, tare da fatan kina cikin salamar Ubangiji. Mu a nan unguwar Highbridge ta New York muna lafiya. Gwiwoyina ne dai suke ƙara tsufa a kan matakalan unguwar nan. Ina da laifin da zan faɗa miki, Mama.

Jikarki Saratu, wadda kika bari tana rarrafe, yanzu nas ce a asibiti. Da ta sami hutu lokacin da ganyaye suka fara ja, sai ta ce tun zuwana New York ban ga komai ba sai bas da ɗakunan tsofaffin da nake kula da su. Ta shirya mana tafiyar kwana uku zuwa tsaunukan arewa, inda wani jagora yake shiga da mutane daji a ƙafa su kalli beyar. Ba ki san ta ba, babu ita a wurinmu. Baƙar dabba ce mai gashi, ƙibarta kamar ta maraƙi, bakinta kamar na kare. Na ce wa Saratu a garinmu gudun naman daji ake yi, ba a zuwa gaishe shi. Amma yarinyar nan ba ta cika roƙona komai ba, sai na bi ta.

Kin sha ce mini, “Hannatu, kada ki taɓa fita da ɗa babu abin sa masa a baki.” Saboda haka kafin mu tashi na je unguwar Harlem wurin 'yan Nijar, na sayo kilishi mai yaji, na naɗe a takarda, na tura cikin aljihun jakata.

Da safe jagoran ya tara mu, mu takwas. Dattijon Bature ne mai farin gemu, ba ya ɗaga murya. Ya ce ba gudu, ba ware kai, kuma babu mai ɗaukar abinci sai shi, domin nasa yana cikin gwangwanin da wari ba ya fita. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana tambaya. Da ya zo kaina na dube shi na ce babu.

Ƙarya na yi, Mama. Ni da na taɓa hana Saratu fita mako guda saboda ƙaryar alewa. A raina na ce wannan mutumin gyaɗa da busasshen biskit kawai ya riƙo, me ya sani game da ciyar da 'ya.

Da hawan ya yi tsanani na fara haki. Saratu ta ce, “Momi, kawo.” Haka kika rene mu, haka na rene ta: ƙarami ba ya tafiya hannu sake alhali babba na ɗauke da kaya. Na miƙa mata jakar. Har na ji daɗi Turawan nan sun ga tarbiyya. Ta rataya a baya, ta koma ƙarshen layi tana ɗaukar hotuna.

Wajen tsakar rana muka ga beyar a ƙetaren wani rafi tana tona ruɓaɓɓen itace. Kowa ya yi murna, abin da aka zo gani ke nan. Sai ta daina tono. Ta ɗaga hanci sama. Ta daɗe a haka.

Muka ci gaba da tafiya. Ban san lokacin da tsuntsaye suka yi shiru ba. Na waiwaya, sai ga ta a bayanmu, a gefenmu na rafin. Busassun ganyaye sun rufe ƙasa, ƙarar takunmu kaɗai ta ishi mutum, amma nata ko ƙaras ban ji ba. In mun tsaya ta tsaya. In mun taka ta taka.

Jagoran ya tattara mu wuri ɗaya, ya jawo Saratu tsakiya. Ina kallo kan dabbar nan ya juya a hankali ya bi ta. Ba ta damu da sauranmu ba. Ya sake tambaya, a hankali, ko akwai mai abinci.

Na yi shiru. Wannan ne abin da ban iya gaya wa matan zumuntar cocinmu ba. Ina ganin idonta a kan bayan 'yata, na san abin da take so, amma girma ya riƙe mini baki. Kunya nake ji a kama ni da ƙarya a gaban wadda na haifa. Na fara addu'a a zuci, ta ƙi tafiya.

Sai dabbar ta miƙe a kan ƙafa biyu, hannuwanta a sake, kamar mutum cikin baƙar riga ya tsaya a ƙofar gida yana jiran a ba shi saƙonsa. A nan na ce da Hausa, “Saratu, akwai kilishi a jakar.”

Saratu ba ta dube ni ba. Ta zame igiyoyin daga kafaɗunta, jakar ta faɗi. Jagoran ya ja mu da baya da baya, yana magana da ƙarfi, gwangwanin feshin barkono a hannunsa. Dabbar ba ta yi gaggawa ba. Sai da muka yi nisa sannan ta sauka ta tako.

A hanyar dawowa jagoran bai zage ni ba. Ya ce dai beyar da ta ɗanɗana abincin mutane takan koma bin mutane, ƙarshenta kuma harbi. Wato na bar wa 'yar wata uwa da za ta bi hanyar nan dabbar da za ta bi ta.

Da muka iso ƙofar gida Saratu ta juyo gare ni. Ta ce, “Momi, kin san yana ciki lokacin da kika miƙo mini?” Na ce na sani.

Bayan kwana goma jakar ta iso a kwali, jagoran ya tsinto ya aiko. Tabarauna yana ciki, da littafin waƙoƙina, da hankici. Aljihu ɗaya kawai aka tsaga, a miƙe kamar da reza. Tun ranar, in ina hawa matakalan duwatsun unguwarmu da rana tsaka na tsaya hutawa, sai in ji kamar wani abu ma ya tsaya a bayana. In na waiwaya mutane ne kawai da ledojinsu.

Mamana, ban ɗora miki laifin ba. Ina tuna ki a hanyar gona kina kwance bakin zane ki ba mu dafaffiyar gyaɗa. Kin san yunwa, shi ya sa. Amma ke ba ki taɓa ɓoye abin da kika ƙulla ba.

Saratu tana zuwa, tana cin tuwona. Sai dai ranar Lahadi a ƙofar coci ta miƙo hannu za ta karɓi jakata kamar kullum, hannun ya tsaya a hanya. Na ga ya tsaya, Mama. Na zuge jakar a gaban mutane na buɗe mata. Ta leƙa, ta leƙa da gaske, sannan ta karɓa.

Allah ya gafarta mini shirun da na yi. Ya tsare duk mai bin hanyar rafin nan. Ya mayar mini da yardar 'yata, ke kuma ya ƙara miki hutawa har mu sadu.

Ni ce 'yarki Hannatu. Ga kuma dokar da na kafa, na gaya wa Saratu da ƙannenta a tsaye: a gidan nan babu mai ɗaukar jakar wani sai an buɗe masa ya ga abin da ke ciki, ko da jakar tawa ce.