Ramuka Goma Sha Ɗaya da Harshen Gana

Malam, ka agaje ni da shawara kafin ruwan farko ya sauka, don uwargidana ta daina yi mini magana sai da ido.

Shekarata sittin da takwas. Na karanci ilimin ƙasa da gini tun zamanin da ake karatu don a sani. Na yi shekara talatin a ma'aikata ina rubuta rahoton da manya ke ɗora kofin shayi a kai. Na dawo Haɗeja, ba wanda ya taɓa tambayata ko ƙarfe nawa.

Unguwarmu a kwari take. Jingar da ta hana kogi shigowa ita ta hana ruwan sama fita, duk damina uwargida Halimatus Sa'adiya a kan ganga take ɗora murhu. Bana aka yanke shawarar haƙa rami ta ƙarƙashin tudun da ya raba mu da fadama, taku arba'in, a jera bututun siminti ruwa ya bi. Ba dama a yanka tudun ta sama, masallacinmu a kansa yake. Sai ranar aka tuna akwai ni.

Kafin in buɗe baki, Gana mai haƙar rijiya, wanda ko sunansa bai iya rubutawa ba, ya zagaya tudun yana lasar ƙasa. Wai duk rijiyoyin gefen nan shi ya haƙa. Ya ce baki da baki laka ce mai riƙo, tsakiya kuwa yashi ne mai gudu, a karkata kudu. Na yi masa dariya a gaban jama'a, na ce ƙasa ba miya ba ce.

Na sa aka haƙa ramin gwaji uku. Suka ba ni amsa uku. Na ƙara biyu don su raba gardama, suka shiga gardamar. Yau goma sha ɗaya ne. Akuyar mai unguwa Ja'afaru ta faɗa na bakwai, da igiya aka fito da ita, liman kuma ya sauya hanya. Ni da ake ce wa Injiniya, yanzu Gafiya ake ce mini.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Da na jera ƙasar a gwangwanayen madara na zana taswira, sai ta faɗi abin da harshen Gana ya faɗa. Wata biyu na aikina, shi lasa huɗu. Taswirar tana ƙarƙashin katifa.

Kuma har yanzu ban san abin da ke tsakanin rami na takwas da na tara ba. In na ce a haƙa, ƙasa ta rufta da magidanta ko bangon masallaci ya tsage, da wane ido zan fita? In na ce a dakata, damina saura mako shida, uwargida ta ce takardun shaidata za ta sa ta tokare gangar. Shin in haƙa na goma sha biyu?

Injiniyan da ba a tambaya, Haɗeja

AMSA

Baba Injiniya, tsoronka ba wauta ba ne. Yashi mai gudu ba ya sallama kafin ya rufta, kuma harshen mutum ɗaya bai isa a tura magidanta ƙarƙashin masallaci ba. Gwajin farko hakkinsu ne, ka sauke.

Amma ko ɗari ka haƙa, tsakanin kowane biyu akwai ƙasar da ba ka gani ba. Ƙasa ba ta ba da tabbas, sai dai shaida. Kai ga shi kana da shaidu biyu da bakinsu ya zo ɗaya, ka ɓoye guda a ƙarƙashin katifa.

Ka fito da taswirar, ka sayi goro, ka je wurin Gana. Ka nuna wa injiniyan ƙaramar hukuma taswirar shi ma. In za a haƙa, a bi ta kudu, kamu biyu-biyu, a tokare da katako a sa bututu kafin a ƙara gaba, a riƙa soka rodi a gaba ana jin abin da ke zuwa. Tun kafin a ɗaga diga ku yarda a gaban liman: in ruwa ya fara tsattsafowa, ko yashi ya zubo, ko bango ya nuna tsaga, kowa ya fito, kuma kai ko Gana duk wanda ya ce a tsaya an tsaya. Bakin ramin na wajen fadama a sa masa murfi, kada kogi ya biyo ramin ya zo muku ziyara. In kun ga mako shida ba zai isa ba, ku nemi injin ban-ruwa bana, a haƙa da rani. Wannan ba faɗuwa ba ce.

Na goma sha biyu kuwa, ka bar shi. Ka cike goma sha ɗayan nan, ka fara da na bakwai. Kuma tun da a gaban jama'a ka yi dariyar, a gabansu za ka ce taswira ta bi bayan Gana. Sai a lokacin za su yarda ka iya karatu.

Allah ya sa a haƙa lafiya a fito lafiya, ya sauko da murhun Hajiya ƙasa. A gaishe mini da akuyar mai unguwa da jiki.