Wa Ya Cinye Kukokinmu?

Asabar, ƙarshen sanyi, 2003. Unguwar Ridina.

Bayana kamar an daka. Tun kaka muke jigilar ruwa a jarka zuwa bayan gari, saboda Allah kawai, muna son mu mayar da dajin da masu gawayi suka ƙarar. Yau na tarar da 'yan kukokin da muka dasa tsirara, ko ganye ɗaya babu. Ban yi wata-wata ba na nufi maƙwabcinmu Abakar mai awaki, don na tabbata ɓarnar awakinsa ce, na wanke shi tas, da Hausa da Larabci. Yana ta rantsuwa, na ce kalas, magana ta ƙare, gobe sai gaban mai unguwa.

Bayan magariba Inna ta ajiye mini tuwo da miyar ɗanyar kuka. Na share kwano, na nemi ƙari.

Na ce, "Inna, ina kika samo ɗanyen ganye a ranin nan?"

Ta ce, "Gonarku mana! Jiya da ka kai ni in taya ku ban ruwa. Wa ke dasa kuka ya zuba mata ido? Har gidan Abakar na aika da kwano ɗazu."

Da wane bakin zan gaishe shi gobe? Shi ya sha, ni na sha har da ƙari. Duk unguwar nan akuya ce kaɗai ba ta ɗanɗana ba.